Ƴar fitilar da ta ƙi mutuwa

Motata Toyota ce mai buɗaɗɗen baya, ƙirar 2001. Ta yi ƙuruciyarta a Amurka, ta sauka Kwatano da furfurarta, ni kuma na same ta a hannu na uku ko na huɗu, duk da dillalin ya rantse na biyu ne. Da ita nake ɗauko albasa daga Galmi zuwa Tawa, kuma shekara shida ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba. Rigimarmu ta fara wata safiya cikin hunturu, ina baro Badagishiri, sai wata ƴar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari. Na taka burki, na sauka, na zagaya motar sau biyu kamar mai neman kunama. Taya lafiya, ruwa cike, inji na ta gurnaninsa na kullum. Na koma na zauna, ina kallonta tana kallona.

Da na iso gida na nuna wa uwargida. Ta leƙa ta ce hoton kan famfo ne, motar ƙishirwa take ji. Ƙaramin ɗanmu ya ce a'a, jirgin sama ne mai saukar ungulu. Ni kaɗai na san hoton inji ne, sanin da bai tsinana mini komai ba.

Makanikin unguwarmu dattijo ne, irin waɗanda ke kwance Fijo 504 su haɗa ta ido rufe. Ya kara kunne a jikin inji, ya sansana salansa, ya ce: "Elhaji, wagga wuta ba ta da illa. Motocin zamani ne da yawan ƙorafi." Ya miƙa hannu ya yanko baƙin sikoc irin na masu gyaran lantarki, zai liƙe mata fuska. Na riƙe hannunsa. Ni da na biya kuɗin mota da gumina, a ce maganin ciwonta shi ne a rufe mata baki? Na fita ina huci.

Na biyun yaro ne mai kuzari. Ya cire kan batir, muka sha shayi zagaye ɗaya, ya mayar. Fitila ta mutu. Na ba shi jaka 2 ina sa masa albarka, na bi majalisa-majalisa ina tallarsa. Kwana biyu, ina kan mararrabar Tsarnawa da buhu ashirin a baya, ta dawo da haskenta kamar wadda ta je ganin gida. Ya ce to buji ne, aka sake buji. Ya ce filtar esansi ce, aka sake. Daga nan laifi ya koma kan masu sayar da esansin kwalba a bakin titi, na daina gaisawa da mutumin da na shekara huɗu ina saye wurinsa. Surukata ta aiko da laya na rataye a madubi, ta ce baki ne. Abin da na lura da shi kawai, mota ta fara shaƙewa in na tsaya, tana karkarwa kamar mai masassara, aljihuna kuma ya rage nauyi da jaka 40 da wani abu.

Ana haka ɗan ƙanwata ya zo hutu daga Yamai. Yaron da na yi wa tsarki da hannuna. Ya ce: "Kawu, an sa mata balis kuwa?" Na ce wace balis, tafiya za ta yi? Ya zaro wani ɗan abu bai kai akwatin ashana biyu ba, ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya cusa shi a wata kafa mai rami 16 da ban taɓa sanin Allah ya yi ta a motata ba. Wai tun 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole a yi mata wannan kafar, don kwamfutar ciki ta faɗi abin da ke damunta. Wato shekara shida motar nan na da baki, ni ne ban tambaye ta ba.

Wayarsa ta nuna P0171. Ya ce ma'anarsa iska ta yi wa esansi yawa a cikin inji. Cire batir kuwa mantar da kwamfutar kawai yake yi, da ta sake ganin laifin a tafiya biyu a jere sai ta kunna fitila. Ya ƙara da cewa in gode wa Allah tsaye take ci, da ƙiftawa take yi, to inji ne ke tsallake wuta, wannan ba a wasa da shi. Ya buɗe gaban mota, ya lanƙwasa babban tiyon roba da ke kai iska inji, sai ga tsaga ta buɗe baki a cikin lanƙwasar, yatsana na shiga. Zafin Adar ya gasa robar. Iska na shiga ta bayan na'urar da ke auna ta, kamar kayan fasa-ƙwauri da suka kauce wa duwan. Na'urar ma ƙura ta yi mata rawani. Aka wanke ta, aka samo tiyo na hannu a jaka 3, fitila ta mutu, karkarwa ta tafi. Da yamma na je na gaida mai esansi, ya amsa mini da hanci.

Kwana tara na yi ina tuƙi da waƙa. Ranar Lahadi, a tsakiyar cunkoson kasuwar Tawa, tsakanin amalanken jaki da wani raƙumi, ta kama.

Wannan karon P0420 ta ce. Yaron ya shiga ƙarƙashin mota ya ƙwanƙwasa wani tulun ƙarfe a jikin salansa, ya yi amo kamar kalangu. Katalizar ke nan, mai tace hayaƙi. Cikinsa akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinum, kuma wani bawan Allah ya riga ya kwashe hanjin ya sayar. Kwamfutar ba ta duba shi ba ne a da, saboda hankalinta na kan tiyo.

"Nawa ne sabo?" na tambaya. Ya faɗa. Na lissafa da buhunan albasa, na sake lissafawa.

Washegari da sassafe na yi sallama a garejin dattijo. Bai ce komai ba, bai ma ɗago kai ba. Ya dai sa hannu a aljihun gaba, ya tambaye ni faɗin yatsa ɗaya zai yanka ko biyu.