Twindemic, tripledemic, quad-demic: wa ya ba editoci izinin raɗa wa cuta suna?

A shekarar 2020 jaridun Amurka suka yi ta kwakwazo cewa kowa ya ɗaura ɗamara, "twindemic" na nan tafe, wato mura da korona za su haɗe wa mutane kai a hunturu ɗaya. Ba ta ma zo ba a wannan shekarar, domin kulle da takunkumin fuska sun kwantar da murar. A 2022 aka ƙara ƙwayar RSV mai kama ƙirjin jarirai da tsofaffi, kalmar ta koma "tripledemic". Da Disambar 2024 ta kama, jaridun Birtaniya suka ƙaro norobairos mai sa amai da gudawa, sai ga "quad-demic" da manyan haruffa a kanun labarai. Biyu, uku, huɗu. Kowane hunturu sai an ƙara lamba, alhali babu ko ɗaya cikin waɗannan kalmomi da ke nufin wata cuta da likita zai yi gwaji ya gano a jikin mutum. Wannan ɗabi'a ta ishe ni.

Irin wannan ƙirar kalma tana da gidanta na asali, kuma ina ƙaunar gidan. Akwai wani nau'in zanen barkwanci da 'yan kimiyya da masu harkar kwamfuta ke yi da Turanci, mutanen ciki ba su wuce kai da sandunan hannu da ƙafa ba, duk dariyar kuwa a kan yadda harshen yake ɗinka kalmominsa take. Wani zai faɗi kalma, abokinsa ya tsinka ta gida biyu, ya nuna masa cewa abin da yake faɗa kullum ba shi da kai ba shi da gindi. Kalmomin annoba sun fi kowanne daɗin wannan wasa. Duka daga Girkanci aka aro su. "Demos" jama'a ne. "Epi" na nufin a kan, "pan" na nufin duka, "en" na nufin a cikin. Saboda haka "epidemic" abin da ya faɗa kan jama'a ne, "pandemic" abin da ya game jama'a duka, "endemic" kuma wanda ya zauna a cikinsu ya zama ɗan gida, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ya zauna mana. A duk cikin gaɓoɓin nan babu wadda ke nufin cuta. Wanda ya yanke "demic" ya liƙa mata "twin" a goshi, abin da ya faɗa a zahiri shi ne tagwayen jama'a. Mai zanen barkwanci ya san haka sarai, kuma nan ne dariyar take.

Turanci ya daɗe yana yanka kalma a inda ba gaɓa. "Alcohol" daga Larabci ta fito, al-kuhl, wato kwallin nan da mata ke sawa a ido. Bature ya ɗauki "alcoholic", ya gutsure wutsiyar, ya mai da ita ɗafa-ƙeya mai nufin jaraba, har aka sami "workaholic" ga wanda aiki ya zame masa jaraba. Watergate sunan gini ne kawai a Washington inda aka yi kutse a 1972, amma yau kowace badaƙala sai an maƙala mata "gate". Sunayen cututtuka ma cike suke da irin wannan tarihi. "Malaria" a Italiyanci mugunyar iska ce, domin an ɗauka tururin fadama ke kawo ta. "Influenza" tasiri take nufi, don mutanen da sun zaci taurari ne ke saukar da ita. "Quarantine" daga kalmar arba'in ta mutanen Venice take, adadin kwanakin da ake tsare jirgin ruwa kafin a bar mutanensa su sauka. "Vaccine" kuwa daga kalmar saniya ta Latin take, saboda da ƙurajen shanu Edward Jenner ya yi rigakafin agana a 1796. Duk wanda ya yi dariya da zanen da ya buɗe masa ɗaya daga cikin waɗannan, ya tashi da ilimin da bai zo da shi ba. Masu cewa haramun ne a yi raha da sunan cuta ba su taɓa kwana jinya a asibiti ba, in ba haka ba da sun san abin da ke riƙe masu jinya har gari ya waye.

Faɗana da editoci ne, masu shiga gidan raha su ɗauko kalma, su cire mata hular wasa, su ɗora ta a kan labarin rai da mutuwa.

A tuna abin da ya faru daga ƙarshen Disambar 2021 zuwa farkon Janairun 2022. Wani asibiti a Isra'ila ya ba da rahoton wata mace mai ciki da aka samu da mura da korona a lokaci guda. Shi ke nan labarin. Likitoci sun riga sun ga irin haka tun 2020, kuma mutum ya ɗauki cuta biyu tare ba sabon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa jinyar yaro mai maleriya da taifot. Amma wani ya haɗa "flu" da "corona" ya fitar da "flurona", kuma kafin kwana uku kalmar ta zagaye duniya. Mutane suka ɗauka sabuwar ƙwaya ce ta ɓulla, haɗin-gambizar mura da korona. Dole masana suka bar aikinsu suka shiga bayanin cewa ƙwayoyin nan biyu dangi daban-daban ne, ba sa auratayya, ba za su haifi ɗa ba. Cikin Janairun nan dai aka sake sakin "deltacron" daga ƙasar Cyprus, wai haɗin nau'o'in korona biyu ne, Delta da Omicron, tun kafin sauran masana su gama duba samfuran, kuma da suka duba da yawansu suka ce gurɓacewa ce aka samu a ɗakin gwaji. Daga baya an gano nau'in da ya haɗa jinin Delta da Omicron da gaske, aka ba shi suna na haruffa, bai kuma yi wani tasiri ba. Tsoron kuwa an riga an sha shi tun watanni kafin nan.

Daga nan abin ya zama sana'a. Nau'in korona mai suna XBB.1.5 ya zama "Kraken" a farkon 2023, sunan wani dodon teku na tatsuniyoyin Norway mai kifar da jiragen ruwa. A 2024 aka sami "FLiRT", wadda masana suka harhaɗa a tsakaninsu daga haruffan F da L da R da T masu nuna inda ƙwayar ta sauya, sai ta faɗa daidai kan kalmar Turanci mai nufin kwarkwasa. A tsakanin masu nazarin ƙwayoyin cuta wannan raha ce mai kyau, kuma tana taimaka musu su tuna sauye-sauyen. A kanun labarai kuwa, a gaban dattijo mai ciwon suga da ke son sanin ko ya je a yi masa allura, ba ta gaya masa komai.

Hujjar editocin ɗaya ce tak, wai suna mai daɗin faɗa yana sa jama'a su mai da hankali. Ƙararrawar ƙarya ma tana sa a mai da hankali, sau ɗaya ko sau biyu, daga nan kowa ya ci gaba da barcinsa.

Abin takaicin shi ne duniya ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da tsada. Murar 1918 da ta kashe mutane miliyoyi ana ce mata murar Sifaniya har gobe, alhali laifin Sifaniya kawai shi ne ba ta cikin Yaƙin Duniya na Farko, jaridunta na da 'yancin buga labarin da sauran ƙasashe ke ɓoyewa. A 2009 aka kira sabuwar mura "swine flu", murar aladu, sai gwamnatin Masar ta ba da umarnin yanke aladun ƙasar, kimanin 300,000, ta karya sana'ar talakawan da ke kiwonsu, alhali tsakanin mutum da mutum cutar ke yaɗuwa. A 1976 masanan da suka je ƙauyen Yambuku a Zaire, wato Kwango ta yanzu, sun ƙi ba sabuwar cutar sunan ƙauyen don kada su ɓata shi har abada, suka ɗauki sunan kogin Ebola. Garin Lassa na jihar Borno bai sami wannan alfarma ba. Tun 1969 da cutar ta kama ma'aikatan jinya na mishan a can, sunan garin ya zama sunan zazzaɓi a bakin duniya, ko da yake yanzu jihohi irin su Ondo da Edo ne ke kan gaba a yawan masu kamuwa.

Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin raɗa wa sababbin cututtuka suna a watan Mayun 2015: ban da sunan wuri, ban da sunan mutum, ban da dabba ko abinci ko sana'a, ban da kalmar da ke tsorata jama'a ba gaira ba dalili. Shi ya sa sunan COVID-19 da aka sanar ranar 11 ga Fabrairun 2020 ya fito salam ba gishiri, CO daga korona, VI daga bairos, D daga kalmar cuta, 19 daga shekarar ɓullarta. Da gangan aka yi shi haka. Shi ya sa kuma a 2021 aka koma kiran nau'o'in korona da haruffan Girka maimakon sunayen ƙasashe, har aka tsallake Nu don tana kama da kalmar "sabo" ta Turanci, aka tsallake Xi don suna ne na mutane da yawa. Mutane sun zauna sun yi ta tankaɗe da rairaya a kan harafi biyu, sannan wani edita ya zo cikin minti biyar ya rushe aikin don ya sami masu latsa labarinsa. Wannan rashin mutunci ne ga mai karatu, kuma ba na jin akwai wani suna mai laushi da ya dace da shi.

Mu da ke karɓar labaran nan a hannu na biyu mun fi kowa cutuwa. Ba'amurke in ya ji "flurona" yana jin ɗinkin da ke tsakiyar kalmar, yana iya zargin wasa ne. Bahaushen da ya ji ta a rediyo ko a saƙon WhatsApp ba ya jin ɗinkin komai, suna kawai yake ji sabo fil, irin Ebola ko Zika, kuma hankali ya ba shi cewa sabon suna sabuwar cuta ce. Raha ba ta tsallaka harshe, tsoro kuwa ba ya neman biza.

Mun kuma san ƙarfin suna daga namu harshen. Hausa na da nata ɗafa-ƙeyar da take ƙera sunayen cuta da ita. Daga sanƙarewar wuya aka sami sanƙarau, suna mai kyau da ke gaya wa uwa alamar da za ta sa ta ruga asibiti. Daga ƙanjamewa aka sami ƙanjamau, shi kuwa ya yi ɓarna, domin ya koya wa mutane cewa mai ƙiba ba zai ɗauki cutar ba, kowane ramamme kuma abin zargi ne. Matasa suka ƙara da nasu na raha, kabari kusa, wanda ya sa mutane da yawa gudun gwaji a lokacin da magani ya riga ya samu. Shan inna ma sunan ya jingina ciwon ga aljanu, sai da ma'aikatan rigakafi suka sha fama kafin iyaye su yarda ɗigon baki na da abin da zai yi a kai.

Mafi muni a wurina ita ce ƙyandar biri. Tun a Turanci sunan "monkeypox" gurgu ne. An gano ƙwayar a jikin birai na ɗakin gwaji a Copenhagen a 1958, aka ga mutum na farko da ita a Kwango a 1970, amma masana sun fi zargin ɓeraye da kurege da danginsu ne ke ɗauke da ita a daji. Da aka zo fassarawa sai muka ƙara namu kuskuren a kan nasu. Cutar 'yar'uwar agana ce, ba ta haɗa komai da ƙyanda ba. Uwar da aka yi wa ɗanta allurar ƙyanda yana wata tara, me zai hana ta ɗauka ya tsira daga ƙyandar biri? Wanda ba ya cin naman daji kuma bai taɓa ganin biri ba, me zai sa ya yi tunanin zai iya ɗauka daga zanin gadon ɗan'uwansa?

Gyaran ba ya buƙatar kwamiti mai kasafin kuɗi. Edita ya rubuta abin da ya faru da kalmomin da kakarsa za ta gane: mura da korona sun kama mutum ɗaya, cututtuka huɗu sun cika asibitoci. Kalmar raha a bar wa masu zane, su suka iya riƙonta. Sassan Hausa na gidajen rediyo kuma su riƙa ɗaga waya su tambayi likita da malamin harshe kafin su saki suna, tunda Kano da Zariya da Sakkwato ba su rasa ko ɗaya ba.

Ranar 28 ga Nuwamban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya "monkeypox" zuwa "mpox", bayan sunan ya zama abin yi wa baƙaƙen fata gori a lokacin da cutar ta bazu a Turai da Amurka. Turawan da suka ƙirƙiri sunan sun ajiye birinsu. Mu da muka aro shi muna nan riƙe da shi, da birin da ƙyandar da ba ta cikin maganar tun farko.