Hula goma sha ɗaya, ɗankwali babu

Wai jiya da daddare sai ga fostar wani taron likitoci ta fito, na buɗe na ƙirga hotunan masu gabatar da lacca, goma sha ɗaya, duk da hula. Ko ɗankwali ɗaya babu. Kuma abin da za a kwana biyu ana tattaunawa shi ne ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. To madalla, Allah ya ba da lada. Badi sai a ƙara da lacca kan zafin naƙuda, na san shi ma ba za a rasa Alhajin da zai yi bayani ba.

Ina yin magana a guruf wani ɗan'uwa ya biyo ni ta inbos, wai Malama ai ilimi ba ruwansa da mace ko namiji. Sannu da ƙoƙari, na gode da ka sanar da ni. Ni ban ce a sauke kowa ba. Aikin da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi a Kano kan wannan ciwon, har suka bi diddigin ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin matanmu, wallahi ko alƙalaminsu ban isa in riƙe ba. Tambayata ɗaya ce, cikin goma sha ɗaya mace ɗaya ta gagara?

Sai a ce an nema ba a samu ba. A ina aka nema, ƙarƙashin tabarma? Farfesa Amam Mbakwem tana nan Legas, ta shugabanci ƙungiyar likitocin zuciya ta Najeriya gaba ɗaya. Farfesa Karen Sliwa ta Afirka ta Kudu shekara da shekaru tana bincike kan wannan ciwon na masu jego, har ƙungiyar zuciya ta duniya ta shugabanta. In kuɗin jirgi ne matsalar ai akwai Zoom. Kuma ko ba a je nesa ba, muna da namu a asibitocin koyarwa na Arewa, su ke duba majinyata da rana su kwana a bakin aiki da dare, amma ranar hawa mumbari sai a tuna ai suna da maigida da yara, kar a takura musu. Lokacin da ake raba aikin dare ba a tuna ba.

Gaskiyar magana ba nema aka yi ba, waya aka ɗauka kowa ya kira abokinsa. Wanda aka gayyata bara shi aka gani, wanda aka gani shi za a sake kira bana, shi zai rubuta a takardar neman ƙarin girma, gobe shi ne a kwamitin shirya taro, ya ɗauki waya shi ma. Haka abin yake zagayawa kamar jakin rijiya. Ba mu kaɗai ba ne, a Amurka ma matan da ke fannin zuciya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba, amma can a 2019 shugaban cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, Francis Collins, fitowa ya yi fili ya ce ya daina hawa teburin da maza zalla ne a kai. Namiji ne fa. Cikin goma sha ɗayan nan wa ya kalli jerin sunaye ya ce ina matan?

Ku bar batun fosta, bari in gaya muku abin da ke ci min rai. Ni a ƙaramin asibitin ƙauye nake aiki nan Jigawa. Mai jego za a kawo min a mashin ko arba'in ba ta yi ba, ƙafa ta kumbura, tana haki kamar ta yi dakan gero, tari da dare, ba ta iya kwanciya sai dai ta jingina da bango har gari ya waye. A gida an riga an yanke hukunci sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara zafin ruwan wanka, a ƙara kanwa a kunu, alhali zuciyar ce ta gaji ta kasa tura jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta cewa ciwon nan ya yi yawa a ƙasar Hausa. In na tura ta babban asibiti ta zauna gaban likita namiji, ga miji a tsaye ga uwar miji a gefe, duk abin da aka tambaye ta sai ta ce da sauƙi. Sai an ja labule ta rage daga ni sai ita take faɗin gaskiya, kwana nawa ba ta yi barci ba, kunu kofi nawa ake ɗura mata, wa ya hana a kawo ta da wuri. Likita mace ta san wannan labulen, ta shiga, wata ma ta yi jegon da kanta. To a ce za a yi taro a kan matan nan ba wadda za ta tashi ta yi magana daga bayan labulen?

Kuma 'yata ta wajen yayata tana aji huɗu a karatun likita, ita ta turo min fostar, ba ta rubuta komai ba sai hoton dariya. Dariyar nan ta fi min ciwo.

Masu cewa ina neman suna ne, eh, ku nemo min.