Yadda Na Yi Alkawarin 700 a Gaban Surukina

Kun dai san labarin yaron nan da ya dawo da MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, daga Ingila aka ɗora shi a kaina a ofis, ba sai na maimaita ba. Ranar na ce ni ma zan je in ɗauko tawa. Aka ce manyan makarantun kasuwanci na waje suna son makin GMAT, jarrabawar neman shiga, na ce to. Wani ɗan'uwanmu da ake kira Injiniya ya ji labari a wajen matarsa, ya kira ni ya ce kada in kuskura in ɓata kuɗi, yana da littattafai tun 2017 lokacin da shi ma ya so tafiya, zai bar mini su a farashin 'yan'uwa. Na tura kuɗi, ya aiko da su a buhun shinkafa.

Na zana jadawali a kwali na manna a bayan ƙofa. Bayan Asuba gyaran jimla, wato a ba ka jimlar Turanci mai tsawo da zaɓi biyar ka nemo wadda ba ta da aibu. Bayan Isha'i lissafin siffofi: da'ira, alwatika, kusurwa, abubuwan da na rabu da su tun sakandare ba da daɗi ba. Asabar insha'i, minti 30 cif. Na saba wa kaina tambaya 37 ta lissafi a minti 75 kamar yadda littafin ya ce. Jarrabawar gwaji kuwa na ajiye ta sai ƙarshe, don ba na son ƙaramin maki ya karya mini gwiwa tun da wuri. Haka na shafe watanni. Ko ƙwallo na daina zuwa kallo.

Sai ranar Sallah a gidan Baba, surukina. Falo cike, ina zaune a ƙasa kan darduma na lanƙwashe ƙafa, Injiniya na gefe da kwanon soyayyen nama wanda aka ajiye domin mu duka amma ya jawo shi tsakanin gwiwoyinsa. Baba ya ce, "An ce karatu za ka koma?"

Na gyara zama. Na yi bayanin jarrabawar tun daga tushe, na ce tun 1954 ake yin ta, na ce kwamfuta ce ke auna ka, in ka ci tambaya ta ƙaro maka mai wuya, in ka faɗi ta sassauta. Baba yana gyaɗa kai. Daɗin gyaɗa kan nan ne ya ja ni. Na ce, "Baba, da yardar Allah 700 zan kawo. Ƙasa da haka ko an ba ni ba zan karɓa ba."

Daidai nan Auta, ƙanwar matata, ta shigo da tiren zoɓo. Ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Yaya, 700 a wace jarrabawar?"

Na ce GMAT, na ma rarrabe mata haruffan ɗaya bayan ɗaya don ta gane.

Ta ce, "Ai babu 700."

Na yi murmushi irin na manya. Na ce mata lallai yana da wuya, ba kowa ke kaiwa ba, amma mai naci yakan samu. Har da ɗaga yatsa na yi, wallahi. Wannan yatsan shi ne har yau in na tuna nake jin zafi a keya.

Ta ce, "A'a Yaya, ba wuya nake nufi ba. Babu shi ne. Makin yanzu daga 205 zuwa 805 yake, kuma kowanne da 5 yake ƙarewa. Za ka iya cin 695, za ka iya cin 705. Amma 700 ko wanda ya tsara jarrabawar ba zai ci ba."

Falo ya yi tsit, sai ƙarar fanka da taunar Injiniya. Na ce to, lamba ai lamba ce, abin da ke gabana shi ne na ƙware a gyaran jimla.

"An cire shi."

Na ce lissafin siffofi fa.

"An cire."

Na ce insha'i, da wata murya da ban san ina da ita ba.

"Shi ma an cire, Yaya. Sannu."

Sannun nan ta fi komai ciwo. Sai Baba, da zuciya ɗaya, ba da nufin komai ba, ya juyo ya ce, "To a cikin abin da ka karanta me ya rage?" Hajiya ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Ke Auta, ƙyale yayanki ya ci abinci," wanda hakan ya tabbatar mini cewa har kicin an ji. Maman yara kuwa ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya hular da ba ta karkace ba.

Auta ba ta ƙyale ni ba. Ta ce sabon tsarin ya fito a Nuwamban 2023, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu tambaya 64 ce a awa biyu da minti 15, kashi uku, kowanne minti 45: lissafi 21, Turanci 23, sai kashin nazarin bayanai 20, inda ake jibgo maka tebur da zane-zane a ce ka fitar da hukunci, kuma nan kaɗai ake barin ka taɓa kalkuleta. Ta ce abin da a da ake kira 700 yanzu wajen 645 ne. Na ce ke ina kika san duk wannan? Ashe yarinyar da nake saya wa alewa ta zana ta lokacin bautar ƙasa, ta ci 655. Baba ya ce, "Au, ita ce wadda na biya dala ɗari biyu da wani abu?" Kowa a gidan ya sani sai ni.

Ina neman inda zan sa fuskata, ɗan Injiniya, ƙaramin nan mai bakin tsiya, ya ce, "Abba, littattafan nan ne da Mama ta ce a ba mai ƙosai?"

To bari in tsaya kan Injiniya, don ni fushina ba da Auta nake yi ba. Mutumin nan ya ƙware da dariya har aka miƙa masa ruwa. Da ya farfaɗo sai ya ce wai ilimi ba ya tsufa. Shi da bai taɓa shiga ɗakin jarrabawar ba! Shafi na 40 ya tsaya, na ga inda bironsa ya ƙare, daga nan har bango littafin fes yake kamar ba a taɓa buɗe shi ba. Kuma mu daina ɓoye-ɓoye, injiniyan me? Batirin sola yake sayarwa. Jek ɗin motata yana wajensa tun tuni, duk lokacin da na tambaya sai ya ce yana but ɗin ɗayar motar. Wace ɗayar motar? Rannan ma a wajen ɗaurin aure ya gabatar da ni ga abokansa da "Alhaji Ɗari Bakwai", yanzu har mai gadin layinsu haka yake kirana, yana ɗaga hannu da fara'a, shi a zatonsa sarauta ce.

Daga baya Auta ta zo gida ta zazzage buhun. Ta ce ba duka ne asara ba: karatun fahimta da auna hujja suna nan, aljabara da lissafin kaso suna nan, tambayoyin nan na "shin bayanin ya isa a warware" an mayar da su kashi na uku ne kawai. Ta ware abin da zai yi amfani, bai kai rabi ba. Ta buɗe mini shafin masu jarrabawar, inda gwaji biyu suke kyauta tun farko, ta zaunar da ni ta kama agogo. Na yi. Kada wanda ya tambaye ni maki. Da 5 dai ya ƙare.

Yanzu ita ke tsara mini jadawali, ladanta data duk mako, kuma ta ce in ta ga na sake zana alwatika za ta gaya wa Baba. Na aika wa Injiniya saƙo kan maganar kuɗina. Ya karanta tun Talata. Jiya ya amsa da cewa yana da na GRE ma, wata jarrabawar irinta, in ina so.