Sadarwa Ba Fitar Magana Kawai Ba Ce

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar magana ta fita daga baki, saƙo ya isa. Ba haka abin yake ba. Mai magana yana da nufi a ransa, ya sa shi cikin kalmomi, mai sauraro kuma ya fassara su da abin da ya sani da halin da yake ciki. A tsakanin nan ma'ana kan karkace. Kalmar "to" kaɗai tana iya nuna yarda, ko shakka, ko fushi. Murya da fuska ne ke bambanta su, kuma rubutaccen saƙo a waya ba ya ɗauke da ko ɗaya. Shi ya sa amsar mai sauraro take da muhimmanci: ita ce ke nuna maka abin da ya fahimta, domin ka gyara tun da wuri.