Kafin ka sake biyan kuɗin GMAT

Ƙannena masu neman gurbin digiri na biyu a makarantun kasuwanci na ƙetare, da ku nake, musamman wanda ya zauna GMAT, jarrabawar neman shiga waɗannan makarantu, sau biyu ko uku makinsa ya ƙi motsi. Mun san yadda abin ke tafiya. Sakamako ya fito, mutum ya yi kwana biyu ba ya son magana, sannan ya ce bari a sake jarrabawa ko Allah zai sa a dace. A nemo dala a biya, a kama hanyar Abuja, a dawo da maki 555 ɗin da aka samu a baya. Zama ɗaya ya kusa dala 300. Ku buga lissafinsa da canjin yau, ku ɗora kuɗin mota da na masauki, sannan ku tuna cewa yawanci ba daga aljihunku kuɗin ya fito ba.

Hukumar GMAC mai shirya jarrabawar ta yarda ka sake zama bayan kwana 16, har sau biyar cikin wata 12. Da yawanku kun ɗauki wannan izini tamkar umarni. Kwana 16 ba sa gyara lissafin da ya samu matsala tun aji uku na sakandare.

Wasu ma karatun jarrabawar da ta mutu suke yi. Tun Nuwamban 2023 aka fito da sabon tsari, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Yanzu sassa uku ne, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu tambaya 23, nazarin bayanai tambaya 20. An cire rubutun insha'i, an cire tambayoyin gyaran jimla. Amma har gobe za ka ga ɗalibin da ya gama Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Dutsin-Ma rungume da tsohon littafin da aka turo masa ta WhatsApp, yana haddar ƙa'idojin nahawun da ba wanda zai tambaye shi. Ma'aunin ma ya sauya: daga 205 zuwa 805 yake, kuma 645 na yanzu daidai yake da 700 na da. In ka kafe sai ka ci 700 don yayanka ya ci shekara biyar baya, ka ɗora wa kanka kayan da shi bai ɗauka ba.

Inda na fi jin takaici shi ne takardar sakamako. Tana zuwa da bayani dalla-dalla: makin kowane sashe daga 60 zuwa 90, nau'in tambayoyin da ka faɗi, da lokacin da ka ɓata a kan kowace. Ku kuwa babbar lambar kawai kuke kallo ku rufe waya. Kirarinmu ne mu Katsinawa, kunya gare mu ba dai tsoro ba, to a nan kunyar cutar da ku take. Kai takardar nan wurin wanda ya fi ka, ko malamin lissafi ne na unguwarku, ku zauna ku bi ta layi-layi. Sassan uku nauyinsu ɗaya a jimillar maki, don haka wanda ya ci 82 a lissafi da 72 a nazarin bayanai ya san inda zai sa ƙarfinsa. Sai dai zuciya ta fi son maimaita abin da ta iya, shi ya sa za ka ga mutum ya kwana yana warware lissafin da ba ya faɗuwa a kansa, yana jin daɗi wai karatu yake.

Sayi littafin rubutu mai kauri, ka ware shi don kurakuranka kaɗai. Duk tambayar da ka faɗi, rubuta dalili da hannunka: ban san ƙa'idar ba, ko na sani amma ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya kore ni. Waɗannan cututtuka uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Bayan mako biyu ka sake warware tambayar ba tare da leƙa amsa ba.

Ga misali daga nazarin bayanai. An tambaye ka ko x ya fi sifili, an ba ka bayani biyu ka faɗi wanda ya isa a ba da amsa. Bayani na farko ya ce x sau x ya ba da 9. Na biyu ya ce x ya fi -1. Mai gaggawa zai ce ai x uku ne, bayani na farko ya wadatar. Ya manta -3 sau -3 ma 9 ne. Na biyun shi kaɗai bai isa ba, don sifili ma ya fi -1. Sai an haɗa su ne 3 ke saura. Wanda ya faɗi wannan ba jahilcin lissafi ya kayar da shi ba, ɗabi'ar mantawa da lambobin ƙasa da sifili ce, kuma in bai kama ta ya rubuta ba, za ta bi shi zama na huɗu.

Haka sashen fahimtar rubutu. Za a ce maka wani mai shago ya sa firiji mai aiki da hasken rana, cinikin ruwan sanyi ya ninka, saboda haka firijin ne sila. Wane bayani ne zai raunana wannan hujja? Ɗan Katsina da ya taɓa tsayawa bakin kasuwa gab da shan ruwa ya san amsar: watan da aka sa firijin ya zo daidai da azumi cikin zafi. Basirar kuna da ita. Abin da ke kawo cikas shi ne saurin karanta Turanci mai nauyi, ga tambaya 23 a minti 45, ƙasa da minti biyu kowace. Wannan ba ya zuwa da haddace kalmomi. Kullum ka karanta doguwar maƙala ɗaya kan tattalin arziki ko kimiyya, ka ajiye ta, ka faɗa wa kanka da Hausa me marubucin ke son tabbatarwa da kuma hujjar da ya jingina da ita. In ka kasa faɗa da Hausa, ba ka gane ba.

Sai lokaci. Kwamfutar tana ƙara ko rage wahalar tambaya gwargwadon amsoshinka, kuma barin tambayoyi babu amsa a ƙarshe yana zubar da maki sosai. Kada girman kai ya zaunar da kai minti shida a kan tambaya ɗaya. Zaɓi wadda ta fi kama hankali, yi mata alama, ka wuce. In lokaci ya ragu, an ba ka damar sauya amsa uku a kowane sashe. A sashen lissafi babu kalkuleta, to ka daina taɓa waya in kana atisaye. Shafin mba.com na ba da cikakken gwaji biyu kyauta. Yi su da agogo, a zaune kan kujera awa biyu da kwata, bayan ka tabbatar da caji da data, ba a kwance kan tabarma ana aikenka sayen kati ba. Muddin gwajin gida bai kai makin da kake nema ba, ba ka da dalilin biyan wani zama. Addu'a wajibi ce, amma an ce a ɗaure raƙumi tukuna.

Masu zuwa muku da cewa suna da wanda zai rubuta muku ta intanet, ku guje su. Haramun ne, kuma in aka kama soke makin ake yi, a iya hana ka sake zama.

Wanda kuma ya yi duk wannan na wata uku ko huɗu makin ya tsaya, ya duba GRE, wata jarrabawar neman digiri na biyu, makarantun kasuwanci da dama suna karɓarta, kuma salonta ya fi yi wa wasu sauƙi. Ya kuma buɗe shafin makarantar da yake so ya ga matsakaicin makin waɗanda ta ɗauka bara. Makin GMAT na aiki har shekara biyar, kuma sakamakon zaman da ka zaɓa kaɗai ake tura wa makaranta. Ta yiwu wanda ke hannunka ya isa, wasiƙun shaida da bayanin ƙwarewar aikinka ne ke jiran ka zauna ka gyara su.