Ba Ku Ke Biyan Hayar Ba

Na saurari muryar nan da ke yawo a WhatsApp tun shekaranjiya, wadda ake yi wa wani magidanci da iyalinsa dariya don sun koma ƙaramin gidan haya, kuma na daure na kai ƙarshenta don kada a ce na yanke hukunci da rabin magana. Baiwar Allah da kika naɗi muryar, kin yi abin kunya. Ke da waɗanda suka bi ki da alamar dariya a ƙasa, har da wadda ta ƙara da "Allah dai ya rufa mana asiri", sai ka ce sata mutanen nan suka yi aka kama su. Mutum ya kwashe iyalinsa daga gidan haya zuwa wani gidan haya, da shawarar matarsa, bai ci bashin kowa ba, ko kuɗin motar ɗaukar kaya bai roƙa ba, shi ne ya zama labarin da za a naɗa a watsa? Wai sun karye. Wai daga vila a unguwar Bobiel sun faɗo ciki da falo a unguwar Koira Tegui, nan Yamai, da yara huɗu, ga na biyar a hanya. To sai me? Ke ke biyan hayar?

Tunda lissafi ya gagare ku, bari in yi muku shi a nan kyauta. Ba asirin kowa zan tona ba, misali ne da duk mai haya a Yamai zai gane. A ce vila jika 130 a wata, ciki da falo kuma jika 45. Abin da ya rage a hannu jika 85 ke nan kowane wata. A shekara miliyan 1 da jika 20. A shekara uku ya haura miliyan 3. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne, wato abin da suke ajiyewa a wata ya ninka shi biyu har da ɗori. Ban sa takardar kuɗin wuta ta NIGELEC ba, wadda duk mai kilim (na'urar sanyaya ɗaki) biyu da firigo ya san yadda take zuwa a watan Afrilu da Mayu. Ban sa ruwan ban fulawa da kuɗin mai gadi ba. A Oktoban 2024 gwamnati ta tsayar da tan na siminti a jika 55 a Yamai. Tan ɗaya buhu 20 ne. Ku auna da kanku: kuɗin buhun siminti 30 ne a da suke ƙara wa mai gida kowane wata, kawai don ku zo suna ku ce "masha Allah, gida ya yi kyau", ku ci shinkafa ku tafi.

Kuma ba ku ke biyan hayar ba. Wannan ne ya tsaya mini a wuya. Ranar biyar ga wata, lokacin da mai gida ya turo yaronsa ya tsaya bakin ƙofa yana sallama da ƙarfi don maƙwabta su ji, babu ko ɗaya daga cikinku a wurin. Ranar da ya shafa wa bango fenti ya ce daga wata mai zuwa an ƙara jika 15, ba ku tura ko dala ba. Amma ranar da suka ce ya isa haka, kowa ya zama mai ra'ayi.

Wasu sun ɗauka gida daga sama yake faɗowa, ko banki ne ke kiran mutum ya ce zo ga makulli. Akwai bankin gidaje, BHN, tun ƙarshen 2018, akwai SONUCI da ta daɗe tana gina gidaje, akwai masu yanka filaye suna sayarwa biya kaɗan-kaɗan. Ko'ina ka nufa, tambayar farko ɗaya ce: nawa ne a hannunka? Sai ka ajiye kafin alƙalami kafin a fara sauraronka, kuma sai an duba abin da ya rage a albashinka. Wanda ke gudun riba ya ce shi da guminsa zai saya fili ya ɗora bulo ɗaya bayan ɗaya, shi ma sai da dunƙulallen kuɗi a farko. Daga ina ma'aikaci mai yara huɗu zai samo shi? Albashi ba ya ƙaruwa don an yi haihuwa. Kuɗin lakkol ba a taɓa shi, cefane ba a taɓa shi, magani ba a taɓa shi, abin da ake aika wa tsohuwa a ƙauye ba a taɓa shi. Haya ce kaɗai babbar ƙofar da mutum zai iya rufe rabinta bai kashe kowa da yunwa ba. Sun rufe, ku kuma kuna dariya.

Yanzu bari in bar gatse in faɗi abin da ke raina. Na je gaisuwar mutuwa a gidajen haya a garin nan fiye da yadda nake so in tuna. Magidanci ya yi shekara da shekaru yana biyan haya a kan lokaci, falo ya sha kujeru, mota a gareji, kowa na kiransa Alhaji. Ya faɗi ya mutu. Mai gida zai yi kunya har a yi sadakar arba'in, wani ma ya daure har matar ta fita takaba. Daga nan sai a fara "Hajiya, ki yi haƙuri, ɗana ne zai yi aure". Ka ga mace da marayu da kwandunan kaya a bakin titi ana cinikin mota, za a raba yaran tsakanin kawu da gwaggo, wannan Tawa, wancan Dogon Dutsi. Masu cewa gida ya yi kyau suna gidajensu. Haka wanda ya yi ritaya: kuɗin da ke shigowa ya ragu, haya tana nan yadda take, ya koma neman ciki ɗaya da furfura a kai. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma mun sani sarai, muna dai yin kamar ba mu sani ba. Wanda ya matse kansa yana da ƙarfi, yaransa suna ƙanana, ya fi wanda za a matse da tsufa hankali nesa ba kusa ba.

Na san abin da za a cika mini ƙasan rubutun nan da shi. "Ai addini ya ce a raba wa yara shimfiɗa." Ƙwarai kuwa, hadisi ya ce a raba musu wurin kwana idan sun kai shekara goma, kuma Suratun Nur ta koya wa yara neman izini a lokuta uku. Shimfiɗa aka ce. Ba a ce kowane yaro sai da ɗakinsa da banɗakinsa da kilim ba. Babbar ƴarsu ma ba ta kai goma ba. Kuma abin dariya, yawancin masu jawo hadisin nan a ɗakin laka ɗaya suka tashi su bakwai, aka raba da tabarma da labule, kuma ga su sun zama mutane, har suna da bakin zagin wasu.

"Ai gidan haɗaka fitina ne, faɗan mata, faɗan yara, faɗan kuɗin pampo." E, akwai. Ana yin faɗa a kan igiyar shanya, a shirya kafin magariba. A vila ma ana faɗa, katanga ce dai ke da tsawo. "Ai zafi zai kashe su." Wa ke kwana cikin ɗaki a Yamai a watan Afrilu in ba mai injin wuta ba? Da aka yanke wutar Najeriya a Agustan 2023, na vila da na ciki ɗaya duk waje muka fito da gidan sauro. "Ai arziki na Allah ne, in an rubuta za ka yi gida za ka yi." Na yarda. Amma ban taɓa jin mai faɗin haka ya ƙi zuwa amsar albashi don ya dogara ga Allah ba. "Ai kafin su tara, fili ya ƙara tsada." To shi ya sa suke sauri. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 1 a birnin nan, kuma tun daga lokacin mutane shigowa suke ba fita ba. Inda muka sani gonar hatsi can bayan Tchangarey da Koubia yau gidaje ne. Wanda ya tsaya jiran fili ya sauko, ya gaishe mini da jikokinsa.

Na shiga gidan da kuke yi wa dariya. Tsakar gida ce ta haya huɗu, da bishiyar dogon yaro a tsakiya. An raba falon da labule mai kauri, katifu biyu a jingine da bango da rana, akwatunan makaranta a rataye a ƙusa, kowa da tasa. Mijin ya kafa rumfar kwano a bakin ƙofa, nan ne kicin, nan ne wurin karatun yara da dare. Firigo ɗaya suka riƙe, kuma shi ma aiki yake: matar na ƙulla ƙanƙara da zoɓo da lemun citta, yaran unguwa na layi da dala biyar-biyar. Ta ciro mini wani littafin ƴan makaranta daga ƙarƙashin katifa, kowane shafi wata ɗaya, an ja layi da jan biro: abin da ya shiga asusu, abin da ya tafi adashe, abin da aka ci. Akwai watan da aka rubuta "babu, jinya" kawai. Ta ce mini, "Yaya, wallahi wani dare in na juya na ji ƙafar yaro a bayana sai in ji kamar in yi kuka, amma in na buɗe littafin nan sai barci ya zo." Na rasa abin ce mata. Matar da ke da ciki wata shida, tana wannan jihadi, ita ce za ta buɗe waya ta ji ƴar uwarta mace tana cewa mijinta ya talauce.

Kuma mu mata mu ji tsoron Allah, don rabin wannan bala'in daga wurinmu yake. Tun ranar jere ake ɗaure magidanci. A kawo kujeru saiti biyu, gado kamar na sarauta, kabad mai ƙofa shida, kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba har a mutu. Daga nan kuma ba gidan da zai ɗauki mutane ake nema ba, gidan da zai ɗauki katako ake nema. Akwai ɗaki sukutum a gidaje da yawa da ake biya wa haya shekara da shekaru, ba mai kwana a ciki sai akwatunan lefe da ƙura. Ita wannan ta sayar da saiti ɗaya, ta kai kabad gidan uwarta, ta zuba kuɗin a asusu. Shi ne laifin da ya fi ƙona muku rai, na sani. A wurinku mace ta sayar da kujerunta daidai yake da ta fita tsirara. To kujerun nata ne, ubanta ya saya mata, ba ku ba.

Ga masu niyyar bin sahunsu, ku bi, kada ku saurari kowa, amma kada wahalar shekara uku ta tafi a banza. Kada arha ta ja ku cikin kwari. Mun ga abin da kogi ya yi a 2020 da ya fasa shinge a Lamorde ya shiga Karaje da Kirkisoy, mun ga Saga, mun kuma ga daminar 2024 da ta sa har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ku je ganin fili a watan Agusta da ƙafarku, ba a watan Maris a cikin mota ba. Ku kai takardar fili a bincika a hukuma, ku yi ciniki gaban notar, mai tabbatar da takardun ciniki a shari'ance, don fili ɗaya ana sayar wa mutum uku a garin nan, kuma dukansu da takarda mai tambari.

Wannan ma ya tuna mini da dillalan gidan haya, don su ma lokaci ya yi da za a yi maganarsu. Wane irin aiki ne a ce sai ka biya kuɗin gani kafin a nuna maka gida, ka zuba wa babur ɗinsa mai, ya zagaya da kai cikin rana daga unguwar Lazare har unguwar Niamey 2000, ya tsaya da kai gaban ƙofar da ke kulle ya ce mai makullin ya tafi masallaci? Gobe ka dawo, wani kuɗin gani. In an dace kuma ya amshi na wata guda cur a hannunka, ya zagaya ya amsa wurin mai gida, bayan shi ne ya zuga shi ya ƙara kuɗin tun farko. A waya kowane gida "bakin kwalta" yake, sai ka je ka tarar kwaltar sai an hau kabu-kabu. Kuma don Allah wanda ya san mai gyaran rumfar kwano mai amana wajen Koira Tegui ya ajiye mini saƙo, iska ta ɗaga wa mutanen nan da kuke yi wa dariya gefe ɗaya na rumfarsu.