Direba ba ya biyan kuɗin tuwo

Bikin ƙanwar maman yara ne ya taso a Suleja, aka rasa wanda zai ja motar 'yan ɗaurin aure, sai aka ce ai ga surukin gida nan, tsohon direban Kano zuwa Abuja. Na aro Sharon ɗin mutuminmu na Ƙofar Ruwa, aka cika min ita taf: Baba surukina a gaba, Kawu da aminan Baba biyu a tsakiya, gwaggonni uku a baya, ga wani yaro da har yau ban san ɗan waye ba an cusa shi a kan kaya. Kawu ya fito da leda shaƙe da gurasa da ƙuli. Na ce, "Haba Kawu, a bar wa yara. Kowa ya sha koko kawai, yau zan kai ku inda ake cin tuwo." Ya dube ni, ya dubi ledar, ya koma cikin gida bai ce uffan ba.

Inda nake nufi rumfar Hajiya ce, gab da Tafa, a hannun hagu in ka nufi Abuja. 'Yan tashar Unguwa Uku da na Na'ibawa duk sun san ta. Tun kafin kiran assalatu take hura wuta, murhu uku a jere, na tuwon shinkafa, na tuwon masara da na miya. Kafin hantsi an mulmula tuwo an naɗe a leda an jera a manyan kuloli, miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa suna kan garwashi ba a sauke su, taushe kuwa sai lokacin kabewa. Man shanu a kwalba yake, ana soya shi da albasa, cokali guda ake zuba maka, in kai na gida ne biyu. Ga ganda, ga tumbi, ga tantaƙwashi, kowanne da tukunyarsa. A bakin rumfa akwai buta da robar ruwan omo, a gefe tabarmi da randar alwala, saboda lissafin gabaɗaya a kan azahar aka gina shi. Motar da ta bar Kano da ƙarfe bakwai tana isowa daidai lokacin da za a ci, a yi sallah, direba ya duba ruwan lagireto da iskar taya, a wuce.

Ga kuma dokar da ba a rubuta ba. Direban da ya kawo fasinja ba ya zama a benci tare da su, ba ya kuma biyan ko sisi. Bayan labule ake shigar da shi, kwanonsa daban, namansa ba a ƙirgawa, a ɗora masa lemo mai sanyi, wani lokaci har da goro na hanya. Ciniki ne tsagwaronsa: ka tsayar da mutum tara a ƙofarta, ta ci ribar tara ta yafe na ɗaya. Shi ya sa ba ka taɓa jin direba ya tambayi fasinja inda suke son tsayawa.

Wannan na dinga ba su labari tun daga Kwanar Dangora. A Tashar Yari wata gwaggo ta ce a tsaya ta sayi dafaffen ƙwai, na ce ta yi haƙuri kada ta ɓata cikinta. A Kwangila masu fura suka yanyame mu, na ɗage gilas. A Mararrabar Jos aminin Baba ya hango mai balangu ya yi gyaran murya, na ce, "Alhaji, in ka ɗanɗana gandar Hajiya za ka gode min." Da muka bar Kaduna kuwa ba wanda ya sake maganar tsayawa. Daga Rijana zuwa Katari mota shiru take yi, kowa da carbinsa. A nan ne na fara jin ƙamshin ƙuli a cikin motar, amma na ɗauka yunwa ce take min gizo.

Muka iso wurin, na kunna sigina, na rage gudu, na sake ragewa. Babu rumfa. Babu ko turken rumfar. Tulin jar ƙasa ne da wata doguwar kwata ta siminti da aka haƙa, sai bishiyar dalbejiyar da muke fakin a ƙarƙashinta, an sare mata rabi. Na wuce gaba na dawo da ribas, wai ko idona ne. Kawu daga baya ya ce, "Ko dai ta shiga bayan labulen ne?"

Wani mai faci ne a gefe ya ba ni labari yana ta bugun taya bai ko ɗago ba. Hajiya ta daɗe da tashi, ta koma garinsu. Abin da ya lissafa min duk na sani, ban dai taɓa haɗa su wuri guda ba. Da masu garkuwa suka addabi hanyar, tafiyar yamma da ta dare ta mutu, tuwon dare ya bi ta. Masu hali suka koma jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu da aka buɗe a 2016, kuma su ne masu cewa a ƙaro nama. Ko da aka kai wa jirgin hari a watan Maris na 2022 ya tsaya wata da watanni, waɗanda suka dawo titi ba su dawo da halin zama a benci ba, kowa so yake ya ga Zuba da ido kafin la'asar. Aikin titin da aka fara a 2018 ya zo ya ƙarasa: a rufe hannu ɗaya a mayar da kowa ɗayan, rumfar da ke wancan tsallaken ta wuni tana kallon motoci, ba mai iya ratsowa. Sai cire tallafin mai a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Fasinjan da kuɗin mota ya cinye shi da kularsa yake fitowa daga gida.

Shi kuma tuwo ba ya jira. Ana tuƙa shi ne da sa ran mutane, kwano goma ko sha biyar na shinkafa a tashi guda, da itacensa da namansa. In motoci ba su tsaya ba, zuwa magariba ya sandare, kuka ta tsinke, kuɓewa ta fara tsami. A yi haka sau uku a mako, jari ya tafi. Mai shayi ba ruwansa da wannan: indomi tana kwali, ƙwai yana kiret, sai ka zauna ka ce biyu da biyu sannan ya kunna risho. Biskit da lemon roba kuwa sai su yi wata uku a kanta suna jiranka. Abincin da zai iya zaman jira shi ya rage a hanya.

Ni dai a lokacin ba nazari ne a gabana ba, mutum takwas ne masu yunwa da surukina yana kallon agogo. Mai facin ya nuna min gaba kaɗan, wani gidan mai sabo mai wurin cin abinci na gilas. Muka shiga, sanyin esi ya buge mu, gwaggonni suka gyara mayafi. Abincin yana cikin farantan ƙarfe a bayan gilas, fitila na haska shi: jalof, soyayyar shinkafa, taliya, kaza, da sakwara a leda. Na tambayi tuwo, yarinyar ta ce sai dai semo, shi ma ya ƙare. Don in wanke kaina na ɗaga murya yadda Baba zai ji, na ce, "A zuba wa kowa, a cika, a sa kaza."

Abin da ban lura ba, a irin wuraren nan ba faranti ake sayarwa ba, ludayi ake ƙirgawa. Ludayi uku ne ke rufe gindin faranti, ni kuma na ce a cika, ta yi ta zuba biyar biyar. Kaza kuɗinta daban, salak daban, ruwa daban, robar da aka zuba wa yaron nan nasa ita ma da kuɗinta. Kafin in iso wurin mai karɓar kuɗi an riga an kwashi tire an zauna, gwaggonni har sun yi bismillah.

Ta danna, ta danna, ta juyo min da fuskar na'urar. Naira 47,300.

Na sunkuya na rage murya na ce, "'Yammata, cire na mutum ɗaya. Ni ne direba."

Ta ce, "Na'am?"

Na nuna mata makulli. Wallahi har karkaɗa shi na yi. "Ni na kawo su. Mutum takwas."

Ta dubi makullin, ta dube ni, ta ce, "To sannu da hanya, Yallaɓai. 47,300 ne."

Na ce ai ka'ida ce, ko'ina a hanyar nan direba ba ya biya. Maimakon ta amsa min a hankali yadda na yi mata, sai ta waiwaya ta ƙwala wa wata a kicin kira, "Anti! Wai wannan baban ya ce shi direba ne, kyauta zai ci!" Wannan baban. Wurin kuma gilas ne da tayil, magana ba ta faɗuwa ƙasa, sai da ta zaga ta dawo. Layin da ke bayana ya yi tsit. Wani mai kwat ya cire abin kunnensa don kada ya rasa komai. Antin ta leƙo da ludayi a hannu ta ce manaja bai faɗa musu haka ba, amma in ina so a kira shi. Na ce a bar shi. Sai na ji ana tafi ɗaya ɗaya daga teburinmu, ko ban juya ba na san waye.

Kuɗin da ke aljihuna na mai ne, bai kai rabi ba. Na miƙa kati, POS ya yi ta juyi ya tofo takarda, bai yi ba. Aka sake, bai yi ba. Ta rubuto min lambar asusu na yi transfa, wayata ta yi ƙara, an cire kuɗi. Na nuna mata rasit da ƙarfin gwiwa. Ta ce su ba rasit suke dubawa ba, sai alat ya shigo wayar manaja, in koma gefe in ba na baya wuri. Na koma gefe, kusa da firijin askirim, da tirena a hannu, ba dama in zauna ba dama in ci. Mai kwat ya zo wucewa ya ba ni shawara in kashe data in kunna. Mai gadi ya baro ƙofa ya dawo kusa da ni ya tsaya, wai shan sanyi yake.

Ina nan tsaye na ga Baba ya ajiye cokali, ya goge hannu, ya taso. Shi kuwa a tafiyarsa ba ya sauri ko gobara ake. Ya ɗage babbar riga, ya zura hannu aljihun 'yar ciki, ya zaro wani ƙulli da aka ɗaure da kyauro. Bai kalle ni ba, ni ma ƙasa nake kallo. Ya lashi yatsa ya fara ƙirga 'yan dubu dubu ɗaya bayan ɗaya a kan kanta, a fili, yarinyar na tayawa. Da ya kai arba'in da biyu ya dakata ya ce, "'Yata, an haɗa da na direba?" Ta ce an haɗa. Ya ce, "Madalla," ya ci gaba.

Kawu kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi a kan wannan rana. Ashe gurasar nan bai bar wa yara ba, shiga ya yi ya sake mata leda ya soke ta a cikin riga. Tun daga Jaji yake gutsura yana miƙa wa aminan Baba ta ƙasan kujera, ni ina gaba ina ta wa'azin man shanu. Mutumin da cikinsa ke cike da ƙuli shi ne ya ce a ƙara masa cinyar kaza ta biyu, ya ci rabi ya naɗe rabi a tishu. Shi ne kuma da muka fito ya tsaya a gaban mai gadi ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga ai gaskiyarsa, direba bai biya ba." Wannan fa shi ne Kawun da ya karɓi cajar motata tun bikin sunan Auta, in na tambaya ya ce ai tana nan. A wurin ɗaurin aure sai da ya ba da labarin a rumfa uku, kowace rumfa kuɗin na ƙaruwa, a ta ƙarshe na ji ya kai dubu tamanin har an riƙe min takalmi.

Abincin a mota na ci, tunda ba a ci a gaban suruki, balle surukin da ya biya. Jalof ɗin ta sha fitila tun safe, gefenta ya bushe yana ƙaras ƙaras, an ɗumama ta a na'ura sama da zafi tsakiya da sanyi. Duk wanda zai ci a irin wurin nan ya duba farantin da aka fi kwasa, shi ne sabo, ya kuma faɗi adadin ludayi da bakinsa kafin ta ɗaga hannu. Kazar dai ba laifi.

A dawowa wurin mai shayi muka tsaya a Mararraba, kowa indomi da ƙwai, aka biya da tsabar kuɗi. Transfar kuwa banki sun ce in cike fom in jira kwanakin aiki. Maman yara ta ce in kuɗin sun dawo in kai wa Baba har gida, in tafi da goro. Mai Sharon kuma yana ta kirana, wai akwai maiƙon kaza a kujerar tsakiya.